Ya Ce Ku Fita Daga Dandali? Zauna Ka Ji Abin da Ya Same Ni

Jiya ka tambaye ni, wai wani kwastoma da ka samu a dandalin aikin jinga na intanet ya ce ku koma WhatsApp ku ƙarasa ciniki a can, ya biya ka kai tsaye, kai ka tsira da la'adar da ake yanka maka, shi ma ya samu ragi. Kana son jin ko ka yarda. Ka ga na yi shiru na ci gaba da aikina, wataƙila ka ɗauka ban ji ba. Na ji sarai. Raina ne ya ɓaci, kuma ba da kai nake ba, ɗana. Tsohon miki ka fama mini.

A 2014 ne. Lokacin na riga na yi shekaru ina tsara littattafai da takardun talla, tun kafin ka san mene ne linzamin kwamfuta, kuma sunana ya fara fitowa a wani dandali. Sai ga wani mutum daga wata ƙasa, mai sayar da kujeru da gadaje. Ya ba ni tambarin kamfani, na yi, ya biya a ranar. Ya dawo da katin kasuwanci, ya biya. Ya dawo da takardar talla, ya biya har da ɗan ihsani a kai, ya ba ni taurari biyar, ya rubuta yabon da ni kaina sai da na ji kunya. Kafin aiki na uku ya ƙare ya daina kiran sunana, sai "ɗan'uwana". Ka riƙe wannan kalmar. Duk kwastoman da ya mayar da kai ɗan'uwansa cikin wata guda, akwai abin da yake shirin karɓa a hannunka wanda baƙo ba zai samu ba.

Sai ya zo da babban aikin. Littafin kayansa gaba ɗaya, shafi 120, hotuna sun haura 600, kowanne sai an yanke shi an goge bayansa an daidaita launin katakon. Ya ce, ɗan'uwana, me zai sa mu riƙa ciyar da waɗannan mutane da ba su ɗaga ko tsinke ba? Mu yi tsakaninmu. Zai ba ni rabi kafin alƙalami, sauran idan na gama. Na buga lissafi a raina, na ga la'adar da zan tsira da ita, kwaɗayi ya rufe mini ido. Rabin kuwa ya shigo, da kati ya biya ta wani kamfanin tura kuɗi. Na ce to, wanda ya ba da rabi ai ba ɓarawo ba ne.

Mako bakwai na yi a kan aikin nan. Tsofaffin kwastomomina biyu da suka zo a tsakani na ba su haƙuri, ɗaya bai sake dawowa ba har yau. Gyara sau huɗu ya sa ni: yau katakon ya yi ja da yawa, gobe ya yi fari, jibi matarsa ta ce a sauya haruffan. Ban ƙara masa ko sisi ba, ai ɗan'uwa ne. Wata Alhamis da dare ya kira ni a Skype, murya tana rawa, wai maɗaba'a na jira, idan ba a kai musu asalin fayilolin kafin safiya ba zai rasa gurbinsa, kuma baje kolin da zai je saura kwana goma. Cikon kuɗina ranar Litinin, ya rantse. Na tattara komai, fayil ɗin InDesign, manhajar da na tsara littafin da ita, da haruffa da hotuna 600 ɗin nan da na tsiyayar da ruwan idona a kansu, na tura.

Litinin ta zo ta wuce. Wata Litinin ta biyo ta. Saƙo ba amsa, kira ba ɗauka. Na ce shi ke nan, rabi ya tafi, na rungumi ƙaddara. Ashe da sauran rina a kaba. Bayan wata biyu sai ga sanarwa: mai katin ya kai ƙorafi bankinsa cewa bai san da wannan biyan ba, an janye kuɗin. Rabin da na riga na ci na sha, shi ma aka zare shi, asusuna ya koma bashi. Kamfanin tura kuɗin suka ce in kawo shaida. Wace shaida? Yarjejeniya a rubuce babu. Yawancin maganarmu da baki muka yi ta. Sunan da ke kan katin daban, sunan da na san shi da shi daban, kuma ni da girmana ban taɓa dubawa ba. Na garzaya dandalin da muka haɗu, aka ce wannan ciniki ba a nan aka ƙulla shi ba. Gaskiyarsu ne. Ni ne ma na karya doka, don haka na ja bakina na yi gum kafin a rufe mini asusu.

Abin da har yanzu yake hana ni barci idan na tuna ba kuɗin ba ne. Bayan 'yan watanni na leƙa shafin kamfaninsa, sai ga littafina an ɗora, kowa na saukewa. A shafi na 47 akwai wata kujera da inuwarta ta karkace, na yi niyyar gyarawa kafin a buga. Tana nan yadda take. Ya cuce ni, kuma ya fitar da aikina da aibi a jikinsa.

To ka ji. La'adar da kake jin ciwonta, ka san me kake saya da ita? Idan aikin ƙayyadadden farashi ne a dandali irin Upwork, kwastoma yana zuba kuɗin a ajiya kafin ka taɓa komai, ba ya hannunsa ba ya hannunka, sai ka miƙa aiki ya amince a sake maka. Kowace magana da kuka yi tana rubuce, idan rigima ta tashi akwai abin nunawa. Dandalin Fiverr, da aka kafa a 2010 da ayyukan dala biyar-biyar, yana ɗaukar kashi 20 cikin ɗari. Da yawa ne, ban ce ba yawa ba, ni ma ina tsaki duk ranar da na ga an yanka. Amma ni na gwada hanyar da babu la'ada, kashi ɗari aka ɗauka. Sannan ka karanta sharuɗɗan da ka danna "na yarda" ba tare da ka duba ba: a Upwork, kwastoman da ka samu a can, ta can za a riƙa biyanka har shekara biyu, sai dai in an biya kuɗin fita. Aka kama ka, asusun da ka yi shekara kana tara masa taurari ya tafi. Shi kuma mutumin naka ya buɗe wani da sabon suna kafin shayinsa ya huce.

Yadda ake buɗe asusu da sa hoto da rubuta bayanin kai, kar ma ka tambaye ni, wanda bai iya wannan ba ya nemi wata sana'a.

Ku yaran yanzu abin da ke damuna da ku shi ne gaggawa. Mutum ya kalli bidiyo uku a YouTube, ya sauke manhajar zane ta Canva, washegari ya rubuta a shafinsa wai shi ƙwararre ne, shi ne ogan kansa. Ogan wa? Lokacin da dandalin Elance da na oDesk suka haɗe a ƙarshen 2013, har suka zama Upwork a 2015, idan aka sa aiki kana iya ƙirga masu nema. Annobar korona ta 2020 ta koro duniya gaba ɗaya cikin kasuwar nan. Bankin Duniya ya fitar da rahoto a 2023, ya ce masu aikin jinga ta intanet suna tsakanin miliyan 154 da miliyan 435. Ka dubi tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu, su kansu masu ƙirgar abin ya fi ƙarfinsu. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ƙananan ayyukan da muke koya wa yara hannu da su, ɗan rubutu, ɗan goge bayan hoto, kwastoma yana yin abinsa da kansa. Cikin wannan cunkoson, wanda ya ce maka zo mu keɓe, ka tambayi kanka me ya gani a wurinka da bai gani a wurin dubu ba. Ba iyawarka ba ce, don na ga aikinka. Sabuntarka ya gani.

Kar kuma ka ɗauka ina yi wa dandali waƙa. Dillali ne, ba ubanka ba ne. Ka kwanta ciwo ba ruwansa, ba fansho, ba hutu, gobe ya sauya la'ada ba zai nemi shawararka ba. Direbobin Uber, manhajar hayar mota, sai da suka kai har Kotun Ƙolin Birtaniya, a 2021 ta ce su ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu. A Kalifoniya kuwa, a 2020, ƙuri'a aka kaɗa aka bar direbobin manhaja a matsayin masu zaman kansu. Tarayyar Turai ta yi tata dokar kan aikin dandali a 2024. Birnin New York tun 2017 ya wajabta yarjejeniya a rubuce ga aikin jinga da ya kai dala 800, kuma in ba a sa rana ba a biya cikin kwana 30 da gamawa. Kana jin birni guda ya zauna ya yi doka a kan hana ɗan jinga kuɗinsa, ka san ba ni kaɗai aka yi wa ba. Sai dai idan kai kana wata nahiya shi yana wata, wa zai ɗauki ƙararka ya kai?

Saboda haka ka rubuta masa, cikin ladabi, cewa kai a nan kake aiki kuma a nan ake biyanka. In na kirki ne zai zauna. In ya ɓace, ka yi hamdala. Ranar da ka girma ka samu kwastomomin kanka, waɗanda ba ta dandali suka zo ba, wannan wata magana ce: a rubuta komai, har da sau nawa za ka yi gyara, ni biyu nake yi, na uku da kuɗinsa. Sunan mai biya ya zama shi ne sunan da ke kan takarda. Abin da za ka nuna masa ya duba, ƙaramin hoto ne da tambarinka kwance a tsakiya. Asalin fayil kuwa ba ya barin kwamfutarka sai cikon ya shigo ka gan shi da idonka, ko da maɗaba'ar duniya duka ce ke jira, ko da kuka yake yi a waya.

Af, takardar tallan da ka turo in duba maka, haruffan taken sun matse juna kamar ana korarsu, kuma ba ka bar gefen yanka ba, wato rarar gefen da maɗaba'a ke datsewa. Ka gyara ka kawo mini kafin azahar gobe.