Kafin ka shimfiɗa wa firintar 3D soso

Ka nuno mini layukan nan da ke maimaita kansu bayan kowace kusurwa a jikin abin da ka buga da firintarka ta 3D, injin nan mai narka roba yana gina abu da ita hawa-hawa, kana tambaya ko ka yanko soson katifa ka shimfiɗa wa injin. Dakata tukuna, yarona.

Kan injin, wato ɓangaren da ke zubo robar, shi ne ke rawa. In ya sha kwana da gudu, ba ya tsayawa cak, sai ya ɗan ci gaba da karkarwa, narkakkiyar robar kuwa duk yadda ya motsa haka take kwanciya. Saboda haka fara ɗaukar sifana. Bi notunan jikinsa ɗaya bayan ɗaya, musamman inda ginshiƙan nan biyu suka haɗu da gindi.

Sannan kama farantin da robar ke zuba a kai ka jijjiga. A irin firintar nan taka, samfurin Ender 3, faranti ne ke kai-komo a kan tayoyi, kuma tayoyin gefe ɗaya suna da noti wanda raminsa ba a tsakiya yake ba. Juya shi kaɗan-kaɗan har rawar ta ɗauke, amma tayar ta yarda ta juya in ka murza ta da ɗan ƙarfi. In ka zarce haka, cinyewa za ta yi. Ƙurar hunturun Sakkwato kuma ka san halinta, goge kwarin da tayoyin ke bi. Bel ɗin da ke jan farantin da na kan injin, kowanne in ka taɓa shi ya amsa kamar tsarkiyar gurmi, ya isa. Kada ka ja shi har ya wahalar da 'yar motar lantarkin da ke juya shi.

Naɗin robar nan da ka ɗora a saman injin kilo 1 ne, sauke shi gefe. Gilashi mai kauri a kan faranti ma ƙarin kaya ne ga abin da ke tsayawa yana tashi.

To, soso. Shi kaɗai lilo zai sa injin ya yi. Samo falalen kankare irin na daɓen tsakar gida, injin a kansa, soso a ƙarƙashinsa. Nauyin ya danne motsin, soson ya hana shi shiga tebur. Teburin roba kam kada ma ka soma, janareto kuma ya yi nesa.

In layukan ba su tafi ba, shiga saiti ka rage saurin da yake ɗaukar gudu zuwa rabi, ka buga ɗan akwati ka kwatanta da na da. Akwai manhajar Klipper da ke auna karkarwar da 'yar na'urar ADXL345 ta kashe ta, amma ba na bari a kai can alhali noti na kwance. Miƙo sifanar.