Kek ɗin Halloween mai fasasshen gilashi da jini: yadda za ki haɗa shi

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kina sayar da kek a Manchester, an ba ki odar na Halloween, bikin Turawa na shigar ban tsoro, na ranar 31 ga Oktoba, mai odar tana son fari mai fasasshen gilashi da jini yana gangarowa, kuma gwajin da kika yi gilashin ya narke, jinin ya koma ruwan hoda. Duka biyun akwai laifin lokaci a ciki. Gilashin sukari da jinin ba sa kwana a jikin kek, sai saura awa ɗaya ko biyu a zo ɗauka ake ɗora su. Sauran aikin kuwa ki gama shi tun ana gobe.

Kek ɗin ki yi red velvet, don in an yanka a ga ja a ciki. Na gwangwani biyu masu faɗin santimita 20: fulawa giram 300, sukari giram 300, garin koko giram 15, bekin soda cokalin shayi 1, gishiri rabin cokalin shayi, ƙwai 2, man girki mililita 200, madara mai tsami mililita 240, farin binega cokalin shayi 1. In babu madara mai tsami, ki matsa lemon tsami babban cokali 1 a madarar ruwa ki bar ta minti 10. Oben a digiri 180, mai fanka 160, minti 25 zuwa 30. Kada ki ƙara koko da sunan ƙara daɗi, shi yake cinye jan ya bar miki ruwan ƙasa. Jar kalar abinci kuma mai kauri ta cikin ɗan kwalba za ki saya, irin ta Sugarflair ko Wilton, cokalin shayi 1 zuwa 2. Ta ruwa da ake sayarwa a manyan kantuna, musamman wadda aka yi da jan gwoza, dusashewa take yi a wuta.

Kirim ɗin sama akwai tarko a cikinsa ga mazauna Ingila. Cukun Philadelphia na cikin roba ya fi na Amurka mai zuwa a dunƙule ruwa, shi ya sa in kika bi girkin Amurkawa sai ki ga kirim yana malala. Ki fara buga bota mai laushi giram 150 da sukarin aisin, wato garin sukari mai laushi, giram 300 har ya yi fari, sannan ki zuba cuku giram 300 mai cikakken maiƙo, da sanyinsa daga firji, ki buga kaɗan ki tsaya. Yawan bugu na sa sukari ya janyo ruwan cukun, kuma in ya saki, ƙara sukari ba ya dawo da shi. Ki shafa siriri da farko don ya kama ɓurɓushin ja, firji minti 30, sai shafa ta biyu.

Yanzu gilashin, wanda shi ne ainihin aikin. Sukari giram 200, ruwan gulukos mai kauri kamar zuma giram 100, ruwa mililita 60, a tukunya mai kaurin gindi. Ki juya a ƙaramar wuta har sukarin ya narke, da ya fara tafasa ki cire cokali kada ki sake taɓawa. Juyawa bayan tafasa na sa ya koma tsaki-tsaki, gilashin ya fito da hazo. Ƙwayoyin da suka manne a bangon tukunya ki share su da jiƙaƙƙen burushi. Digiri 150 kike nema. In kika sauke ƙasa da haka ba zai taɓa bushewa ba, zai riƙa lanƙwasa yana manne wa hannu, kuma ina zaton abin da ya sami naki ke nan, kafin ma laima ta ƙarasa shi. In ya wuce 160 sai ya fara komawa ruwan zuma. Ma'aunin zafin sukari ba tsada gare shi ba, ki saya. In babu, ki ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi: in ya karye ƙas ya yi, in ya miƙe kamar cingam da saura. Ki juye a faranti mai shimfiɗar silikon ko takardar gashi, ki karkata farantin ya bazu siriri, bayan kamar minti 40 ki buga da bayan cokali. Ki kori yara daga kicin lokacin juyewa, don narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma manne wa fata yake yi.

Sukarin da aka dafa haka yana zuƙar danshi daga iska, ga Manchester da ruwan sama a Oktoba. Don haka a roba mai murfin da iska ba ta shiga za ki adana shi, da takarda tsakanin kowane layi, kuma ban da firji. In odar irin wannan za ta yawaita, ki koma isomalt, wani madadin sukari ne, ya fi haske kuma ya fi jure laima, sai dai cin sa da yawa yana ɓata ciki.

Jinin: rasberi daskararre giram 200, sukari giram 50, ki dafa minti 5, ki tace da rariya don fitar da 'ya'yan, ki mayar wuta da sitacin masara cokalin shayi 1 da kika dama da ruwa babban cokali 1. Ki barbaɗa garin koko ɗan kaɗan a bakin cokali, shi yake kashe hasken jan ya mayar da shi duhu irin na jinin gaske. Zoɓo mai kauri da aka ƙafar da sukari ma yana yi, ni ma na fi son launinsa. Sai ya huce sarai za ki zuba. Ki gwada a jikin kofin gilashi mai sanyi, ya gangaro a hankali ya tsaya a tsakiya. In ya kai ƙasa da gudu, ki ƙara masa wuta. Kek ɗin ya fito daga firji da sanyinsa, ki soka gilasan, ki zuba jinin a gindinsu da gefen kek da ƙaramin cokali. Kaɗan ya fi ban tsoro, in ya yi yawa sai ya zama kamar an kifar da jam.

In za ki ƙara alewar tsutsa ko ta ido, ki duba bayan leda, da yawansu da jelatin ɗin alade ake yi, wasu jajayen kuma akwai jar kala mai lamba E120 da ake samu daga ƙwari. Ki tambayi mai odar ko akwai wanda ba ya ci. Sannan ki gaya mata gilashin nan yana yanka baki da gaske, a zare shi kafin a yanka wa ƙananan yara.