Me ya sa gudun ƙwallon fenti ya ƙaru da rana?

Ka same ni jiya kana cewa: "Oga, da safe na saita bindigar fenti a kan ƙafa 280 a daƙiƙa, bayan azahar na sake aunawa na ga ta haura 310, ban kuwa taɓa komai ba. Ko na ɓata wani abu ne?"

Ba ka ɓata komai ba, ɗana, aikin rana ne. Tulun gas da ka ɗaura wa bindigar na CO2 ne, wato gas ɗin nan da ake sa wa lemon kwalba, shi kuwa a matsayin ruwa yake zaune a cikin tulu, tururinsa ne ke tunkuɗa ƙwallo. Ƙarfin tururin nan zafin gari yake bi. In gari yana wajen digiri 21 a ma'aunin Celsius, matsinsa kusan psi 850 ne (psi shi ne ma'aunin ƙarfin matsi). Da zafi ya wuce digiri 31, ruwan ya daina zama ruwa, matsin ya haura dubu ya ci gaba da hawa. To ka tuna inda ka bar tulun: kan benci, rana na dukansa tun hantsi. In kuma ka saki harbi a jere ba tsayawa, sai abin ya juye. Tulun ya ɗauki sanyi har raɓa ta kwanta a jikinsa, ƙwallo ya riƙa faɗuwa kusa.

Wannan ne ya sa na fi yarda da tulun iskar kwamfresa. Na alminiyam yana ɗaukar psi 3,000, wanda aka naɗe da zaren kabon 4,500. Regiletar da ke wuyansa, wato na'urar daidaita matsi, ita ke sauko da matsin zuwa wajen 800, wasu 450, ta riƙe shi a nan ko da sanyi ko da zafi. Bindigogi irin su Tippmann 98 suna karɓar 800 ɗin kai tsaye. Masu batir kuwa galibi suna da regileta ta biyu a hannun gaba, wadda ke ƙara sauko da shi ƙasa da 200. Kada ka kuskura ka ɗaura wa irin waɗannan CO2. Ruwan CO2 in ya kutsa ciki, zobban roba yake daskarar wa ya lalata.

Wajen saitin gudu, ka yi haƙuri da alanki. Juya shi kaɗan, ko kwata bai kai ba, ka harba uku a gaban na'urar auna gudu, ka duba. In ragewa kake yi, sai ka fara zubar da harbi kaɗan tukuna, don tsohon matsi yana nan maƙale a ciki, zai ruɗe ka. Iyakar wasan nan 300 ce, mu muna tsayawa a 280 saboda jikin mutane ake harbi. Ran da muke aiki da CO2, a sake aunawa bayan azahar, kowace bindiga.

Abu guda nake roƙon ka da girman Allah: kada mai ya kusanci bakin da ake cika iska. Mai in ya gamu da iska mai matsi irin wannan, wuta yake kamawa a cikin regileta. In ɗan faifan tsaro ya fashe, wato wanda ke fashewa ya saki iska in matsi ya yi yawa, irinsa mai lamba ɗaya za ka mayar, ba mai kama da shi ba. Kafin ka cika kowane tulu kuma, duba kwanan gwajinsa a jiki: yawanci duk shekara 5 ake gwadawa, na zaren kabon galibi shekara 15 ya gama aiki.

Yanzu je ka mayar da tulunan nan inuwa, ka kawo mini wancan na jiya mu auna tare.