Faifan ajiyata ya faɗi yana ƙas-ƙas, in bari a buɗe shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Faifan ajiyata na waje, wato hard disk ɗin da nake jona wa kwamfuta, ya suɓuce mini daga kan kabu-kabu a hanyar Jami'ar Danfodiyo. Babi huɗu na kundin digirina na biyu suna ciki, ba ni da kwafi ko'ina. In na jona shi sai ya riƙa ƙas-ƙas, kwamfuta ba ta ganinsa. Wani mai gyara ya ce in kawo ya buɗe ya daidaita allurar. In kai masa? Wallahi ko barci ba na iya yi. Daga wata ɗaliba, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa a dace. Da farko, kada ki sake jona shi, ko da sunan gwaji. Ƙarar nan allurar da ke karanta bayanai daga farantin cikin faifan ce ke neman hanya tana kasawa. Farantin irin wannan faifai yakan juya sau 5400 a minti ɗaya, in allurar ta lanƙwashe kuwa kartar sa take yi, kuma inda ya kartu ya tafi ke nan. Manhaja irin su Recuva ta dawo da fayil ɗin da aka goge ce a lafiyayyen faifai, ba ta da aiki a nan.

Maganar buɗewa kuma, kada ki yarda. Mu masu wannan aiki kullum sai an kawo mana faifai da shaidar sukudireba a murfi, wani lokaci har da zanen yatsa a kan faranti, wai "dubawa kawai aka yi". Duba me? Tazarar da ke tsakanin allura da faranti 'yan nanomita ce, wato ƙanƙantar da ido ba ya iya gani, ƙwayar ƙura ɗaya ta ninka ta sau ɗaruruwa. To a Sakkwato, inda da hunturu ko tebur ka goge kafin la'asar ya sake yin fari, wani zai kwance murfi a shago, fanka na kaɗawa, babura na wucewa, ya ce gyara yake yi? Kuma allura ba a daidaita ta da hannu. Sauya ta ake yi da ta wani faifai mai samfuri iri ɗaya, a wurin da ake tace iska, da kayan da ke hana allurorin haɗuwa da juna. Mai gyaran yana iya zama gwani a canza sikirin da madannai, amma wannan wata sana'a ce daban, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne kaɗan ne ke iya cewa "ba aikina ba ne". Sai sun lalata sannan su ce miki dama ya mutu. Masu cewa a sa a firiza ma kada ki saurare su, raɓa ce za ta taru a ciki.

Ki naɗe shi da abu mai laushi, ki nemi kamfanin da ceto bayanai ne aikinsa, ko da aikawa Abuja ko Legas za ki yi. Ki tambaye su ko suna da wurin tace iska, ko kwafin faifan gaba ɗaya suke fara ɗauka kafin su taɓa fayil, sannan nawa za ki biya in ba a samu komai ba. Kuɗin yakan fi na sabon faifai nesa ba kusa ba. Kafin nan ki duba imel da WhatsApp, wataƙila babin da kika tura wa malamin da ke duba aikinki yana nan.