Za mu zaga tsoffin fadojin Sikotland a motar kwana, yaya za mu yi da sanyin dare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Manchester da iyalina. A hutun makaranta na Oktoba muna so mu yi hayar mota mai ɗakin kwana mu zaga arewacin Sikotland, mu ga tsoffin fadoji irin su Eilean Donan da Urquhart. Abin da ke hana ni sukuni shi ne sanyi, don autarmu ba ta cika shekara biyu ba. Wani abokina ya ce shi murhun gas ɗin motar yake kunnawa ya rage wuta, ya toshe kafofin iska da tsumma, su kwana cikin ɗumi. In yi haka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kuskura. Abokinka sauran kwana ne kawai ya fisshe shi, kuma na gaji da jin wannan shawara tana yawo a bakin mutanen da ko takardar da aka ba su tare da makullin motar ba su buɗe ba.

Duk wutar da ke ci a rufaffen wuri, da zarar iska ta yi mata kaɗan, sai ta fara fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba shi da wari, ba shi da launi, ba ya sa tari. Jini kuwa yana kama shi fiye da yadda yake kama iskar oksijin sama da ninki 200. Mai barci ba ya farkawa ya ce wani abu na damunsa, barcin ne ke ƙara nauyi. Wanda yake a farke zai ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya, ya ce ai gajiyar tuƙi ce. Yaro ƙarami kuma ya fi babba saurin numfashi, don haka autar taka za ta fara jigata kafin ku. Mun san labarin masu shiga ɗaki da kurfoti lokacin hunturu su ja ƙofa, gari ya waye a ɓalle ƙofar. To cikin motar nan bai kai rabin wancan ɗakin ba.

Toshe kafofin ma ya fi ba ni haushi. Waɗanda ke ƙasa, kusa da tukunyar gas, an yi su ne don gas ya fi iska nauyi: in ya yi yoyo, ta nan zai zube waje. Ka cusa tsumma, ka tara shi a daben da yara ke kwance. Haka gawayin da aka gasa nama da yamma: ko ya yi toka a ido, yana ci gaba da fitar da gubar tsawon sa'o'i. A waje zai kwana, nesa da taga. Masu cewa "ai na ɗan buɗe gilashi" su ma ba su tsira ba, iskar dare ba ta yi wa kowa alkawarin ta inda za ta kaɗa ba.

Ga abin yi. Kafin ka biya kuɗin haya, tambayi kamfanin ko motar na da hita ta musamman ta ɗumama ɗaki, ta dizal ko ta gas, mai fitar da hayaƙinta waje. Ka tabbatar akwai ƙararrawar kabon monoksaid, ka danna maɓallinta a gabansu ka ji ƙararta. In za ka sayi taka, nemi mai lambar EN 50291-2, ita aka yi don motoci irin wannan da jiragen ruwa. Ka riƙa kwana a sansanin da ke da wutar lantarki. Dama 'yancin kafa tanti a daji da dokar Sikotland ta 2003 ta bayar bai haɗa da mota ba, ko da za ka ji ana cewa ko'ina a tsaya. In ƙararrawa ta buga, ku fita duka, a kira lambar gaggawa ta 999 idan wani ya galabaita.

Fadojin kuwa ba su da wahala. Urquhart kango ne a bakin tafkin Loch Ness, sojoji suka tarwatsa wani sashensa a 1692. Ka yi rajistar tikiti tun da wuri, don wurin ajiye motoci na cika. Daga nan ka bi hanyar A82 zuwa Invermoriston, ka kama hanyar yamma har Dornie, inda Eilean Donan ke zaune a ɗan tsibirinta. Jiragen ruwan yaƙin Birtaniya suka rusa ta a 1719, ginin da za ka gani an sake shi ne tsakanin 1912 da 1932. In ka nufi fadar Dunrobin kusa da Golspie, duba ranar rufewa, don ba ta buɗewa da hunturu. Hanyar dutse ta Bealach na Bà zuwa Applecross kuma ka bar ta, akwai allo a gindinta da ke gargaɗin manyan motoci, balle in karon farko ke nan da za ka riƙe sitiyarin irin wannan mota.