Fatawa: Ina sayar da sababbin kuɗi a gidan biki, an ce min takarda asalinta rasit ce, wai ba laifi

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni sana'ata sayar da sababbin kuɗi ce, wato minti, a wuraren biki da kuma lokacin sallah. Akwai wanda yake fito min da su daga banki ina ɗan yi masa ihsani, da kuɗina nake saro su, sai in sayar da rafar 'yan ɗari bibbiyu ta dubu 20 akan dubu 24, wasu su biya nan take wasu kuma su ce sai an watse za su yi min tiransifa. Kwanan nan zuciyata ta ƙi kwanciya da abin, amma wani abokina ɗalibin ilimi ya ce in daina damuwa, wai kuɗin takarda ba zinare ba ne ba azurfa ba, asalinsu rasit ne da mutanen Sin suka ƙirƙiro, kuma wai babban malamin Malikiyya Shehu Ulaishu ya ce ko zakka babu a cikinsu, don haka haja ce kamar atamfa, in sayar yadda na ga dama. Da wannan nake ciyar da iyalina da mahaifiyata. Dan Allah Malam mene ne gaskiyar magana?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya yi maka albarka, ya saka maka da alheri akan mahaifiyarka. Wannan rashin kwanciyar da zuciyarka ta yi ka gode wa Allah a kansa, da yawa suna cikin harkar nan shekara da shekaru ko a jikinsu.

A duk bayanin da ka yi kalma ɗaya ce ta yanke hukunci, inda ka ce "da kuɗina nake saro su". Tunda naka ne ka mallaka sannan ka miƙa wa wani ya ba ka naira, toh canjin naira da naira kake yi, kuma sharaɗinsa biyu ne kowa ya sani, daidai wa daida, hannu da hannu. Kai ka rasa na farko a kowane ciniki, ka rasa duka biyun a wajen masu cewa sai an watse. Dubu huɗun nan riba ce, ba ribar kasuwa nake nufi ba, ribar da Allah ya haramta. Da ace mai biki ne ya damƙa maka dubu ashirin ɗinsa ya ce je ka banki ka canzo min, ga ladan zirga-zirgarka kaza, kun yanka tun kafin ka tafi, in kuɗin sun ɓata ba da sakacinka ba asararsa ce ba taka ba, kaga nan ɗan aike kake, ladanka halal ne. Amma fa ya zama aiken gaske, ba wai rafar tana cikin jakarka tun jiya ka canza wa ƙarin suna ka ce kuɗin wahala ba.

Yanzu maganar abokinka. Tarihin da ya ba ka gaskiya ne, sai dai ya tsaya a rabin hanya, kuma rabin da ya bari shi ne inda hukuncin yake.

A ƙasar Sin, yankin Sicuwan, zamanin daular Song, kuɗinsu na ƙarfe ne, nauyi kamar me, mutum zai sayi ɗan yadin siliki sai ya ɗauko kuɗin da sun fi kayan nauyi nesa ba kusa ba. Sai 'yan kasuwar birnin Cengdu suka fara karɓar ajiyar ƙarfen suna ba da takardar shaida, mutane kuma suka ga ai ba sai sun je sun kwaso ba, takardar kawai za su miƙa wa mai kaya. Gidajen attajirai 16 ne suka riƙe harkar, da wasunsu suka kasa biya aka yi ta rigima sai gwamnati ta karɓe, ta fara buga nata a 1024. Haka Turai ma, a 1661 wani banki a Istokholm ya fara fitar da takarda saboda kuɗin Siwidin faranta ne na tagulla, akwai wanda ya kusa kilo 20, a Landan kuma maƙeran zinare ne suke ajiye wa mutane dukiya suna ba su rasit tun kafin a kafa Bankin Ingila a 1694. Wancan lokacin in ka ce takarda rasit ce ka yi gaskiya, don akwai taga da za ka je ka miƙa a ƙirgo maka ƙarfe.

Toh ina tagar take yau? Ingila ta rufe tata a 1931. Amurka ce ta rage tana ba gwamnatocin ƙasashe zinare akan dala 35 kowace oza, ita ma ranar 15 ga Agusta 1971 shugaba Nixon ya rufe. Naira kuwa sai 1 ga Janairu 1973 aka fara ta, bayan an gama rufe tagogin. Ka ɗauki dubu ɗaya ka kai Babban Banki ka ce a ba ka abin da ke bayanta, 'yan ɗari biyar guda biyu za a miƙo maka. Masu cewa takarda shaidar bashi ce maganarsu ta ƙare a nan, kuma ko da ba ta ƙare ba kai ba ta taimake ka ba, don in rasit ɗin zinare ce ai hukuncin zinaren ne zai hau kanta, ya ma fi tsanani.

Saura ra'ayin cewa haja ce, shi ne nake so in tsaya a kansa don yana yawo sosai a tsakanin matasan ɗalibai, kuma ana jingina shi ga mazhaba alhali ba a karanta ta har ƙarshe ba.

Eh, Shehu Muhammad Ulaishu, muftin Malikiyya a Masar, wanda ya rasu 1299 bayan hijira, an tambaye shi game da takarda mai hatimin sarki da ake ciniki da ita kamar dinare da dirhami, ya ce babu zakka a kan ita kanta. Wannan yana cikin littafinsa Fathul Aliyyil Malik, ba a ɓoye yake ba. Amma ka lura, tambayar zakka aka yi masa ya amsa zakka, abokinka ya ɗauko amsar zakka ya kawo ta babin canji. A babin canji ga abin da mai mazhabar da kansa, Imamu Malik, ya faɗa a Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya: bai halatta a sayar da fulusi ɗaya da fulusi biyu ba, fulusi kuwa kwabban tagulla ne, ba zinare ba azurfa. Har ya ƙara da cewa da mutane za su yarda da fata a tsakaninsu ta zama kuɗi a buga mata tambari, da ya ƙi a sayar da ita da zinare ko azurfa akan jinkiri. Fata fa ya ce, ɗan'uwa, kuma ya rasu 179 bayan hijira, tun kafin mutanen Sicuwan su buga takarda ta farko. Na sani akwai malaman mazhaba na baya da suka ɗauki maganar tasa a matsayin karhanci ba haramci ba, ba zan ɓoye maka wannan ba, amma suna maganar ne akan 'yan canjin sayen gishiri da daddawa a zamanin da dukiyar mutane ta ainihi dinare ce da dirhami a aljihu. Shi ma Shehu Ulaishu a irin wannan zamanin ya rayu, zinare da azurfa suna yawo a kasuwar Alƙahira, takarda baƙuwa ce. Yau sadaki da takarda, albashi da takarda, diyya da takarda ake ƙiyasta ta, kujerar Makka da takarda, ba wani kuɗi a duniya sai ita da lambobin da ke wakiltarta a asusu. Ɗauko fatawar wancan hali a ɗora a wannan zalunci ne ga shi malamin kansa.

Sannan ka tambayi abokinka, hajar mene ne amfaninta? Atamfa in ba ta sayu ba matarka za ta ɗinka. Shinkafa za a dafa. Kai shaida ne akan abin da ya faru farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, na ga dattijuwa da idona ta kwance bakin zaninta ta fito da tsofaffin 'yan dubu-dubu a gaban mai awo ya girgiza kai ya ce ba ya karɓa, takardar nan ita ce dai wadda ta sayi masara da ita satin da ya wuce, ba ta yage ba ba ta jiƙe ba, abin da ya fita daga cikinta kawai yardar mutane da umarnin hukuma. Wace atamfa ce sanarwa take mayar da ita banza a dare ɗaya? Irin haka ta faru a Tabriz ta ƙasar Iran a 1294, sarki Gaikatu ya kwaikwayi Sin ya buga takarda har da kalmar shahada a jiki, ya ce dole a karɓa, mutane suka rufe shaguna kasuwa ta tsaya cak, cikin wata biyu aka janye. Matafiyin nan Ibnu Baɗɗuɗa kuma da ya je Sin ya tarar akasin haka, ya ba da labarin takarda ce kamar faɗin tafin hannu da hatimin sarki, in ka je kasuwa da dinare ko dirhami ba mai karɓa sai ka canza, in ta yage ka kai gidan bugawa a ba ka sabuwa ba ka biya komai. Ka riƙe wannan na ƙarshen, sabuwa da tsohuwa daraja ɗaya tun a wancan zamani. Mu kanmu kakanninmu da wuri suka yi ciniki, kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce, ranar da aka daina karɓarsa ya koma abin ado a jikin ƙwarya.

Zai iya ce maka ai masu biki sabuntar suke saye ba kuɗin ba. Wannan hujjar maƙerin zinare ya riga shi kawo ta. A Muwaɗɗa, wani maƙeri ya ce wa Abdullahi ɗan Umar yana ƙera zinare ya sayar da fiye da nauyinsa, ƙarin ladan aikin hannunsa ne, Ibnu Umar ya hana shi, ya yi ta binsa yana maimaita tambayar har ƙofar masallaci, amsar ba ta canza ba: dinare da dinare, dirhami da dirhami, babu fifiko a tsakaninsu. Wannan fa mutum ne da ya sha zafin wuta ya yi aiki da hannunsa. Ga kuma Bilal da ya ba da sa'i biyu na dabino maras kyau ya karɓo sa'i ɗaya mai kyau don Annabi (SAW) ya ci, aka ce masa wannan ita ce ribar tsantsa. Kyau da sabunta ba sa buɗe ƙofar ƙari in jinsi ɗaya ne.

Kuma ka duba inda maganar za ta kai mu in an bi ta. Mai biliyan a asusu ba zakka a kansa tunda ba kasuwanci yake da su ba, manomin da ya samu buhunan gero kaɗan sama da nisabi shi zai fitar. Mai ba da kuɗi da ruwa kuma ya huta, sai ya ce ba rance na ba ka ba, sayar maka na yi, dubu ɗari akan dubu ɗari da ashirin zuwa wata. Shi yasa Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1393 bayan hijira, da majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗatul Alamil Islami a Makka a 1402, da ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986 duk suka tsaya akan magana ɗaya: kuɗin takarda kuɗi ne masu zaman kansu, riba tana shigarsu, zakka tana hawa kansu, kuɗin kowace ƙasa jinsi ne daban. Naira da dala ko sefa a ƙara yadda aka daidaita amma hannu da hannu. Tsohuwar fam ko sulen da aka daina karɓa kuwa, wanda masu tara kayan tarihi suke nema, wannan ya zama haja da gaske, sayar yadda ka so.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan tsallake shi ba. Ihsanin da kake yi wa na bankin nan sunansa rashawa, kuɗin da ya kamata talaka ya samu a kantar banki kyauta ake karkatar maka, kuma kana jefa shi cikin cin amanar aikinsa. Dokar Babban Banki ta 2007 ma ta hana sayar da naira da liƙa ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla dubu 50 ko duka biyun, ka tuna mahaifiyarka wa zai kula da ita in aka kama ka. Harkar POS kar ka kwatanta da taka, tana da nata bayanin, in kana so ka aiko da tambayarta daban.

Abin da ya wuce, ka tuba, ka daina daga yau ba sai bayan sallah ba, na san lokacin ne kasuwar take ci kuma na san shaiɗan ta nan zai zo maka. Waɗanda suke riƙe da bashinka ka karɓi uwar kuɗinka kawai. Wanda ka sani kuma kana iya kaiwa gare shi ka mayar masa da ƙarin da ka karɓa, wanda ba ka sani ba ka ƙiyasta ka fitar a madadinsa a hankali gwargwadon ƙarfinka, kar ka sa iyalinka yunwa akan haka, abin da ka riga ka ci cikin rashin sani ina fatan Allah ya yafe. Jarinka halal ne yana nan, ka san masu biki, ka san masu ɗakunan taro, ka san lokacin da ake neman kaya, wannan sanin shi ma jari ne, ko hayar kujeru da rumfa ko ruwa da lemo ko kayan rabo ka juya kuɗin can. Ka kuma lissafa zakkarka, in abin da ke hannunka ya kai kimar giram 85 na zinare ya shekara, naira biyu da rabi cikin kowace ɗari, har da shekarun baya in ka tsallake su saboda waccan maganar.

Abokinka kar ka yi faɗa da shi kar ka kunyata shi a cikin mutane, ka kai masa wannan ku karanta tare, ka ce ya buɗe Kitabus Sarf, wato babin canji, a Mudawwana ya gani da idonsa, in kuma ya faɗa wa wasu irin abin da ya faɗa maka ya koma ya gyara musu. Allah ya buɗa maka ta hanyar halal, ya ƙara wa mahaifiya lafiya.

Wallahu a'alam.