Wai cocin ƙauyen Hrastovlje me ya sa aka zagaye shi da ganuwa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ga hoton wani tsohon coci a Sloveniya an zagaye shi da katanga kamar gidan yari, don Allah meye labarinsa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama ina kyautata zaton cocin Hrastovlje kika gani, wani ɗan ƙauye ne kusa da birnin Koper, can wajen iyakar Italiya, mutanensa ma ba su kai 200 ba. Katangar nan ta dutse ganuwa ce, an yi ta ne saboda hare-haren Turkawan Usmaniyya, da an hango mahara sai kowa ya ruga ciki a rufe ƙofa.

Amma ni a ganina abin kallon yana ciki ne, bango da rufi duk zane ne wanda wani mai zane, Janez na garin Kastav, ya gama a 1490, daga baya aka shafe shi da farar ƙasa ya ɓace sai 1949 aka sake gano shi. Wanda ya fi suna shi ne rawar mutuwa, ƙwarangwal ne suke jan fafaroma da sarki da attajiri da gurgu har da jariri zuwa kabari. Akwai kuma rubutun Gilagolitik, tsofaffin haruffan Silabawa, wato ƙabilun su Sloveniya da Rasha.